Editar Kuɗi da Binciken Sufeto

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe tsaye a gaban jama'a, a saman benen Malam Bala da ke Tarauni, na buga tebur na ce lallai sai an yi bincike an fito da maci amanar da ke cikinmu ba. An kuwa yi binciken, an kuma fito da mutumin. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara faɗa muku halina da bakina, kafin ku ji a bakin wani ya ƙara gishiri. Ni mutum ne mai zargi. Kyamarar laftof ɗina a liƙe take da filasta tun ranar da na saye ta. In aka kawo abinci a wurin walima, sai na ga na kusa da ni ya kai loma ya haɗiye lafiya kafin in sa hannu. Wata rana wani mai adaidaita sahu ya sauke ni a Gyadi-Gyadi ya ce, "Bar shi kawai, Malam, ai hanyata ce." Maimakon in yi godiya sai na tsaya ina laluben aljihuna (bawan Allah nan yana kallona ta madubi har ya ja ya tafi). Wannan hali ne ya sa abokai suka laƙaba mini Sufeto, ni kuma na karɓa hannu biyu, don a ganina yabo ne.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu rubuta manhaja, muna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar. Abin da muka haɗu muka gina wata manhajar waya ce mai suna "An Kawo?" Aikinta ɗaya ne: ta faɗa maka ko akwai wutar lantarki a unguwarku kafin ka taso. Mutanen Tarauni, Gyadi-Gyadi, Daurawa, Hotoro da Unguwa Uku suna danna mata an kawo ko an ɗauke, ita kuma ta tattara ta sanar da kowa. Teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun rungume ta sosai. Aikin kuma a buɗe yake a intanet, kowa na iya shiga ya karanta kod ɗinmu, wato rubutun umarnin da manhajar ke bi, ya kwafa, ya kawo gyara, ba a biyan kowa ba a karɓar na kowa.

To, mai rubuta kod ba shi da abin da ya fi kusa da shi kamar edita, wato manhajar da yake rubutun a cikinta. Ita ce keken ɗinkinsa. Akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi, kuma a nan muka raba gari da jama'ata. Malam Bala, wanda tsohon malamin kwamfuta ne kuma shi ne babbanmu, ta kyauta yake amfani da ita. Haka Malama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna da ke koyarwa a wata firamare a Daurawa, wadda duk cikinmu babu mai tsabtar aikinta. Haka Sadiku, sa'ana, wanda ba ya iya minti biyu bai tsokani wani ba. Ni kaɗai na kafe.

Na ce musu, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum ya zauna shekara da shekaru yana gina edita, sannan ya ce ka ɗauka kyauta? Wa ke biyansa? Me yake kwasa a kwamfutarka in ka juya baya?"

Malam Bala ya cire tabarau ya dube ni. "To mu wa ke biyanmu, Sufeto?"

Maimakon in yarda an kayar da ni, sai na tafi gida ina tunanin anya shi ma Malam babu wani abu da yake samu ta bayan fage. Kun dai ji irin mutumin da kuke sauraro.

Na je na sayi ta kuɗi, da lasisinta da komai, da sunana a rubuce a jiki. Araha ba ta ado, in ji ni. Ranar da na saka ta a laftof, ta yi mini wasu 'yan tambayoyi cikin ladabi. Ɗaya daga ciki ita ce, ko ina so duk fayil ɗin da na adana ta riƙa gyara masa zama, ta daidaita layuka, ta share ƙura? Na ce ƙwarai kuwa, ai irin wannan hidimar na biya. Na danna na wuce ban sake tunawa da maganar ba.

Sai kuma wasu halaye biyu nawa da ya kamata ku sani. Na farko, na koyi kwamfuta ne a kan irin ta tebur ɗin nan marar batir, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Saboda haka yatsuna sun saba da danna maɓallin adanawa su kaɗai, ko na yi rubutu ko ban yi ba, kamar yadda wani ke kaɗa ƙafa in yana zaune. Na biyu, ina da abin da nake kira sintiri. Tunda sauran suna aiki da editar da ban yarda da ita ba, na ɗora wa kaina nauyin bin fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, ina duba ko an cusa wani mugun abu. Ban taɓa samun komai ba, wanda hakan ya ƙara tabbatar mini cewa masu ɓoyewar ƙwararru ne. Kuma da yake ni da Malam Bala ne ke da izinin tura aiki kai tsaye cikin manhajar ba sai wani ya duba ba, in na gama nawa sai in tattara komai in tura. Ban taɓa tsayawa na leƙa abin da nake turawa ba. Don me zan leƙa, alhali kayan kuɗi ne suka yi aikin?

Ana nan sai manhajarmu ta fara ƙarya.

Wanda ya fara kawo mini ƙara maƙwabcina ne, Malam Ɗanlami tela. Yana can Unguwa Uku wajen sayen zare, waya ta ce masa an kawo wuta a Gyadi-Gyadi. Ya bar cinikin ya tari adaidaita ya taho da gudu, ga ɗinkin biki jibge a shago. Ya zo ya tarar ko fanka ba ta motsi. Ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Malam, wannan abin naku in ya gaji ne ku faɗa mana, mu koma leƙen ƙwan fitilar maƙwabta kamar da." Bayansa mai ƙanƙara ya zo, bayansa mai walda, shi kuwa ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

A daidai wannan lokacin kuma na lura jama'ata sun canza mini. In na hawo bene sai hira ta mutu. Sadiku, wanda a da tun daga ƙasa yake ƙwala mini "Oga Sufeto, wa muka kama yau?" sai ya koma rufe laftof in na matso. Malama Rifkatu kuwa ta daina ce mini Sufeto gaba ɗaya. "Ina wuni, Malam," shi ke nan, idonta a kan allo. Ruwa ba ya tsami banza. Na zauna na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita tsaf: ko dai editar kyautar nan ce ta fara nuna halinta, ko kuma wani a cikinsu an saye shi ya lalata aikin. Har na gano masu sayen, wato masu sayar da janareta (kada ku tambaye ni hujja, a lokacin abin ya zauna mini daram). Kuma ɓangaren da ke yanke hukuncin akwai wuta ko babu, Malama Rifkatu ce ta rubuta shi.

Na sami Malam Bala a keɓe bayan sallar Juma'a. Ban gama ba ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ma ina son ganinka a kan wata magana. Amma mu yi ta mu biyu, a hankali, ba sai kowa ya ji ba."

Ba sai kowa ya ji ba! Nan take zuciyata ta ce ashe har da Malam a ciki. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, aikinmu a buɗe yake, bincikenmu ma a buɗe za a yi shi." Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda ya nufi rijiya yana waya. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ranar Asabar na sa farar shaddata. Kuma kamar da gayya, ranar ce aka gayyato sababbin masu koyo, samari da 'yan mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa, an zo a nuna musu yadda ake aiki tare cikin amana. Malam bai gama gabatarwa ba na miƙe. Na yi jawabi, jama'a. Na kawo maganar Malam Ɗanlami da zarensa, na kawo ta mai ƙanƙara da asararsa. Na ce tun farko na yi gargaɗi a kan kayan kyauta aka mayar da ni mahaukaci. Sannan na juya ga masu koyo na yi musu bayani, cikin muryar malamai, cewa a irin wannan aiki babu inda ɓarawo zai ɓuya, domin kowane layi na kod yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Na buga tebur na ce a kunna furojekta, a buɗe fayil ɗin hukuncin wuta, kowa ya gani da idonsa.

Malama Rifkatu ta ɗago. Rabon da ta dube ni ido cikin ido har na manta. Ta ce, "Malam, ka tabbata kana so a buɗe a nan?"

Na ce, "Mai gaskiya ba ya tsoron bincike, Malama."

Ta ce, "Sadiku, buɗe masa."

Sadiku ya buɗe, ya gangara zuwa layin da ya lalace, ya danna wurin nuna sunaye. Suna ya fito a jikin bango, manyan baƙaƙe, ko na bayan ɗaki yana iya karantawa. Sunana ne.

Na yi wata 'yar dariya (wadda har yau Sadiku yake kwaikwayo). Na ce ai da ma na san za a yi haka, an yi mini sharri ne a layi ɗaya don a rufe bakina, a hau sama a ga sauran. Sadiku ya hau sama. Sunana. Ya sauko ƙasa. Sunana. Tun daga layin farko har na ƙarshe, fayil ɗin da ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya a cikinsa ba, babu sunan kowa sai nawa, jere reras. Na ce a buɗe wani. Aka buɗe na Sadiku, ni ne. Aka buɗe na Malam Bala, wanda ya rubuta tun kafin in shiga ƙungiyar, nan ma ni ne.

A nan Malama Rifkatu ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta nemi aikin rubuta manhaja a wani kamfani, irin wanda ake yi daga gida. Ba ta da takardar shaidar kwamfuta, ita malamar firamare ce, wannan aikin da take yi ran Asabar da bayan tashi daga makaranta shi ne kaɗai shaidarta. Sun kira ta intabiyu ta bidiyo. Suka ce ta nuna musu abin da ta fi alfahari da shi, ta ba su wannan fayil ɗin. Mai tambayar ya buɗe a gabanta, ya danna sunaye, sannan ya ce, "Wane ne wannan mutumin? Ke ina naki?"

Ta ce, "Na yi ta rantsuwa kamar wadda aka kama da kayan sata. Ni da na san kowane layi a wurin nan kamar sunayen 'yan ajina." Ta juyo gare ni. "Mun yi shiru ne saboda girmanka, muka ce Malam ya same ka a ɓoye ya tambaye ka me ya sa kake goge sunayenmu kana sa naka. Sai ga shi kai ne ka kira taro."

Ashe duk shirun nan da rufe laftof ɗin nan, ni ake zargi. Ina bincikensu suna bincikena, kuma su ne masu hujja.

Na rantse da Allah ban taɓa aikin kowa ba, kuma har zuciyata gaskiya nake faɗa. Malam Bala ya ce, "Kawo laftof ɗinka." Aka haɗa ta da furojekta, da filastar kyamararta da komai. Ya ɗauko wani sabon fayil da Malama Rifkatu ta rubuta ban kai ga yi masa sintiri ba tukuna. Ya ce, "Buɗe shi yadda ka saba." Na buɗe. Ya ce, "To rufe." Kafin in rufe, a gaban kowa, yatsuna suka yi abin da suka saba, suka danna adanawa. Fayil ɗin ya yi wani girgiza a jikin bango. Layuka suka matsa, tazara ta canza, komai ya koma tsarin da editata ta fi so. Malam ya nuna abin da ya canza: kowane layi, ba a bar ko ɗaya ba. A wurin na'ura kuwa, wanda ya matsar da layi shi ne ya taɓa shi na ƙarshe. Kuma a yaren kod ɗin da muke aiki da shi, tazarar farkon layi ita ke nuna wane umarni ne ke ƙarƙashin wane. A wajen gyaran zaman nan ne editata ta fitar da layi ɗaya daga inda yake, manhaja ta koma cewa an kawo ko da mutum ɗaya ne ya danna bisa kuskure.

Wato duk fayil ɗin da na shiga neman ɓarawo, ni ne na fito da kayan.

Daga bayan ɗaki Sadiku ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Alhamdu lillahi, yau dai Oga Sufeto ya yi kamu." Masu koyo suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, wata yarinya har da cusa mayafi a baki, daga ƙarshe abin ya fi ƙarfinsu. Ni kuwa ina tsaye cikin farar shadda, gumi na bin bayana, ina roƙon Allah a zuci a ɗauke wuta furojektan nan ya mutu. A Kano fa muke. Amma ranar, wutar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba har aka kira Magariba.

Malama Rifkatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na je gabanta na ce, "Malama, ki yafe mini. Na zarge ki a kan abin da hannuna ya yi." Ta ce, "Ya wuce, Malam." Malam ɗin nan da ta sake faɗa ya nuna mini bai gama wucewa ba.

Gyaran bai yi wuya ba. Malam Bala ya ce aikin kowa yana nan a ƙasa da sunansa, fenti kawai na shafa a kai. Akwai hanyar da ake ƙirƙirar wani ɗan fayil da zai gaya wa na'ura ta tsallake sharar wane in tana nuna sunaye. Ni aka ba aikin, na bi duk sintirin da na taɓa yi na zuba a ciki, sunayen mutane suka dawo. Aka mayar da layin wuta wurinsa, Malam Ɗanlami ya ci gaba da amsa gaisuwata. Na kuma aika wa kamfanin nan bayani da kaina, na ce ni ne mutumin da suka gani, ga yadda aka yi, aikin nata ne tun daga tushe. Suka amsa da godiya, suka ce labarin ya ba su dariya, amma sun riga sun ɗauki wani.

Wannan ɓangaren ne ba na iya mayarwa abin dariya. Malama Rifkatu tana nan tana koyarwa a Daurawa, tana ci gaba da nema. Duk tallar aikin da na gani sai na bi diddiginta na tabbatar ba ta 'yan damfara ba ce, sannan in tura mata (a nan dai halina ya yi rana). An daɗe tana amsawa da "Na gode, Malam." Sai kwanan baya na tura mata wata, ta rubuto, "Sufeto, ka bincike su da kyau ko?" Na daɗe ina kallon saƙon nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da idona ya kawo ruwa.

In kuna son sanin wacce edita nake amfani da ita yanzu, tana nan, ta kuɗin ce, don ban ga dalilin yin asara biyu ba. Na dai kashe mata gyaran zaman nan, kuma ba na tura ko layi ɗaya sai na karanta abin da ya canza. Ta kyautar ma na saka ta a gefe, muna gaisawa sama-sama. Masu koyo in sun tambaye ni wacce ta fi, sai in ce su ɗauki wadda suka ga dama, amma su leƙa abin da take yi da sunansu, ko da sun biya.

Ɗan fayil ɗin nan kuwa yana nan a cikin aikinmu, a buɗe, duk duniya na iya gani. Duk abin da na rubuta a ƙungiyar nan babu wanda aka fi amfana da shi kamarsa, kuma aikinsa ɗaya ne, ya ce wa na'ura kada ta kula da abin da na yi. Zargi dai ban daina ba, hali zanen dutse ne. Sai dai yanzu in na fito sintiri, daga laftof ɗina nake farawa.